Daga Kano Zuwa Jidda: Awa Huɗu Da Rabi Da Ya Kamata Uwargida Ta Yi Wa Lissafi

   

Abin da ya jawo rubutun wannan wata shi ne tambayar da wata dattijuwa ta yi mini a ajinmu na matan aure. Muna cikin babin sallar matafiyi sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa 'ya'yana sun biya mini Umara. An ce awa huɗu ne da 'yan kai a jirgi. To ni da zan yi sallata a Kano, in je in yi ta gaba a Makka, ina ruwana da wannan babin?" Aji ya ɗauki dariya. Ni ma na murmusa, amma raina ya sosu, domin irin wannan lissafin nata ne ya sa ni kaina na rasa sallar Asuba a tafiyata ta farko. Zan ba ki labarin a gaba. Tukuna dai bari mu fara sanin nisan tafiyar kanta, domin a kansa komai ya rataya.

Nisan nawa ne?

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka ja zare miƙe a kan taswira, kimanin kilomita 3,400 ne. Idan kuwa a Madina za a sauke ku, nisan ya ɗan ɗara haka, wajen kilomita 3,550. Don ki ji nauyin wannan adadi, tuna da hanyar Kano zuwa Kaduna, wadda ba ta wuce kilomita 230 ba. Sai kin jera irinta wajen goma sha biyar kafin ki isa Jidda.

Babban jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a cikin awa ɗaya, yana kuma tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Idan kika raba 3,400 da 850 za ki sami awa huɗu. Ƙara lokacin hawa da na saukowa, inda jirgi ba ya sakin gudunsa duka, sai ki tashi da awa huɗu da rabi, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Wannan ita ce awa huɗu da 'yan kai ɗin da aka faɗa wa dattijuwar ajinmu. Miƙaƙƙiyar hanyar takan bi ta saman Barno, ta ratsa Cadi, ta ratsa Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya, sannan Jidda.

Hanyar da kakanninmu suka bi

Ƙasashen nan da jirgi ke wucewa ta samansu kina gyangyaɗi, su ne kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna da raƙuma. Sukan tashi daga ƙasar Hausa su bi ta Barno, su shiga Wadai, su faɗa Darfur, su wuce Kurdufan, su tsallaka kogin Nilu, har su kai gaɓar teku a Sawakin, daga nan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. A ce ma ayari zai riƙa cin kilomita 30 kullum ba hutu ba ciwo, sai ya yi fiye da kwana ɗari. To ina ga mutanen da guzurinsu ke ƙarewa a hanya, su tsaya su yi noma ko ƙodago shekara guda ko biyu kafin su ci gaba? Shi ya sa mai niyyar Hajji a wancan zamani yake yin wasiyya, ya nemi gafarar dangi, a rabu ana kuka. Akwai matan da suka bar gida da goyo suka dawo da saurayi. Da yawa ba su dawo ba, wasu ma ba su isa ba. Jikokinsu ne Hausawan da ke zaune a Sudan har yau, kamar mutanen garin Mai Wurno, wanda jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa a ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru.

Wani abin lura, jiragen sama na farko da suka sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, jiragen sojan Ingila ne guda uku da suka taso daga Masar, kuma kusan wannan hanya ta alhazai suka biyo, ta Sudan da Cadi da Maiduguri. Ga shi yau tafiyar shekaru ta koma tsakanin kalaci da abincin rana. Wannan ni'ima ce babba. Sai dai 'yar uwa, sauƙin nan shi ne ya sa muke raina tafiyar. Su kakanninmu rana ce agogonsu, tana fitowa suna gani, tana faɗuwa suna gani, ba yadda za a yi salla ta shige musu ba su sani ba. Mu kuwa muna cikin rufaffen jirgi, an sauke marufin taga, an rage fitila.

Me ya sa awannin ba su zama ɗaya kullum?

Kada ki riƙe awa huɗu da rabi kamar karatun allo. Abubuwa uku kan canza ta.

Na farko iska. A can sama akwai iska mai ƙarfi. In ta biyo bayan jirgi sai ta tura shi ya isa da wuri, in ta tare gabansa sai ta ƙara masa mintoci. Shi ya sa zuwa da dawowa ba lalle su yi daidai ba.

Na biyu hanyar da aka ba jirgi. Sama ma tana da iyakoki kamar ƙasa, kowace ƙasa da ikon sararinta. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazanmu na wannan shekara suka koma kewayawa ta wasu ƙasashe. Tafiyar ta kai wajen awa shida ko fiye, kuɗin jigila ma ya ƙaru. Saboda haka kafin ki tashi, sa maigida ko ɗanki ya tambayo miki ta inda jirginku zai bi da awannin da zai yi.

Na uku yada zango. Masu zuwa Umara da yawa ba jirgin kai tsaye suke hawa ba. Wadda aka bi da ita ta Addis Ababa, babban birnin Habasha, za ta fara yin kimanin kilomita 3,300, sannan ta canza jirgi ta ƙara wajen 1,400, jimla fiye da 4,700 ke nan. Wadda aka bi da ita ta Alƙahira za ta yi wajen 3,100, ta ƙara wajen 1,200. Ga kuma zaman jiran jirgi na biyu, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta tsawo. Tikitin da ya fi araha sau da yawa shi ne mai dogon jira. Idan tsohuwa ce za ta yi tafiyar, ko mai goyo, a dubi wannan kafin a dubi rangwamen kuɗi.

Sannan kada ki manta, saukar jirgi ba ita ce isowa ba. Akwai layin duba fasfo, akwai jiran kaya. Daga filin jirgin Jidda zuwa Makka akwai kusan kilomita 100 a mota. Daga Jidda zuwa Madina ya haura kilomita 400. Idan kika haɗa da zaman sansanin alhazai ko na filin jirgi kafin tashi, za ki ga tafiyar awa huɗu da rabi ta cinye yini guda cur, wani lokaci har da kwana.

Agogon hannunki zai yaudare ki

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru da awa biyu. 'Yan uwanmu na Gana kuwa awa uku ne tsakaninsu da ita. Dalili shi ne Jidda tana gabas da mu da nisa, rana tana riga fito musu, tana kuma riga faɗuwa. Wato idan kika nufi gabas a jirgi, ke da rana kuna tarar juna ne. Za ki yi awa huɗu da rabi a zaune, amma yini ya yi gaba da awa shida da rabi.

Ga labarin da na yi miki alkawari. A tafiyata ta farko jirginmu ya tashi wajen ƙarfe 11 na dare. Lokacin bazara ne, sa'ad da alfijir ke ketowa a Jidda wajen ƙarfe 4 da kwata, rana kuma ta fito kafin ƙarfe 6 saura kwata. Kujerata tana tsakiyar jirgi, tagogi duk a rufe. Na yi barci na farka, na dubi agogona na ga ƙarfe 2 da rabi. Na ce a raina, a gida sai wajen ƙarfe 5 saura ake kiran assalatu, ashe da sauran lokaci. Na ɗauko carbi ina ja, da alwalata, ina jiran Asubar da ta riga ta shigo ban sani ba. Muka sauka agogona na nuna 3 da rabi. Da na iso bakin ƙofar jirgi sai na ga gari ya waye tangaran. A Jidda ƙarfe 5 da rabi ne. Kafin a kwashe mu a kai mu cikin gini, in sami wurin da zan tsaya, rana ta fito.

Wallahi 'yar uwa, ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba. Da barci ne ya ɗauke ni da na sami abin rarrashin zuciyata, domin mai barci da mai mantuwa suna da uzuri. Ni kuwa idona biyu. Ina koyar da babin lokutan salla, na bar gida na bar yara don in je ɗakin Allah, amma sallar farilla ta farko a ƙasa mai tsarki sai ramuwa na yi, saboda ban yi lissafin awa biyu ba.

Na rana ma bai tsira ba. A ce jirginki ya tashi daga Kano ƙarfe 12 na rana. Azahar ba ta yi ba tukuna, don haka ba ki yi ta ba. Za ki sauka ƙarfe 6 da rabi na yamma agogon Jidda. A lokacin sanyi, kamar watan Disamba, rana takan faɗi a Jidda kafin ƙarfe 6. Kin ga ke nan Azahar da La'asar duk sun shigo sun fita kina sama. A lokacin bazara kuwa, da rana ke kaiwa ƙarfe 7 kafin ta faɗi, 'yan mintocin da suka rage a layin fasfo za su ƙare.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Lokacin sauka da aka rubuta a tikitinki da agogon garin da za ki sauka aka rubuta shi. Da zarar kin zauna a kujerarki, tura agogonki gaba da awa biyu. Kuma ki sani salla ba ta bin agogon Kano, ba ta bin na Jidda, tana bin ranar wurin da kike a wannan lokaci. Saboda haka taga ita ce babbar malamarki. Idan ba ke ce a bakinta ba, roƙi wadda ke wurin ta ɗaga marufin ki duba. Ganin jan haske a gabas ya fi duk wani lissafi.

Yadda za ki yi da salla

Nisan da ke sa a yi ƙasaru a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wato kilomita 80 da 'yan kai. Jirgi yana cinye wannan a cikin minti shida. Tafiyar Jidda ta ninka shi fiye da sau 40. Don haka gajartar awannin ba ta cire ki daga cikin matafiya ba, domin da nisa ake aunawa, ba da gajiya ba. Azahar da La'asar da Isha'i za su koma raka'a biyu biyu. Magariba da Asuba suna nan yadda suke.

Sai dai ƙasaru ba ta farawa sai an fita daga gine-ginen gari. Filin jirgin Kano kuwa gari ya riga ya kewaye shi. Matar da ke zaune a cikin Kano, in lokaci ya same ta a can, sai ta cika sallarta. Wadda ta taso daga gari mai nisa kamar Katsina ko Haɗeja, ita tuni ta zama matafiya, sai fa in ta yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ta sauka. Wannan ƙa'ida ta kwana huɗu ita ce kuma za ta bi ki har Makka da Madina.

Duk sallar da lokacinta ya shiga kafin a kira ku, yi ta a ƙasa, kada ki ce sai an isa. Ki hau jirgi da alwala, domin banɗakin jirgi ƙarami ne, ruwansa kaɗan, layinsa kuma dogo. In alwalar ta warware, sake ta da ɗan ruwa, wanki ɗaya ɗaya ya isar, kada ki jiƙa wa na bayanki wuri. Mafi yawan malamai sun yi wa matafiyi sauƙin haɗa Azahar da La'asar, da kuma Magariba da Isha'i. Idan za ki sauka da sauran lokacin ta biyun mai yalwa, kina iya jinkirtawa ki haɗa su a ƙasa. Amma Asuba ba a haɗa ta da kowa, kuma La'asar ba a kai ta bayan faɗuwar rana. Idan kin ga lokaci zai fita kina sama, to a sama za ki yi.

Wasu manyan jirage suna da ɗan wurin salla a baya. In akwai, kuma ma'aikatan jirgi sun ba da dama, tsaya ki yi ta a tsaye. In babu, ko an ce kowa ya ɗaura bel, yi ta a zaune a kujerarki, ki sunkuya don ruku'u, ki ƙara sunkuyawa don sujada. Alƙibla fa? Daga Kano alƙibla tana gabas ne, ta ɗan karkata arewa, kuma nan ne jirgin da ya miƙi hanyar Jidda yake fuskanta. Wato a tafiya, kina zaune a kujerarki kusan alƙibla kike kallo. A dawowa kuwa tana bayanki. Idan jirgi ya yi kewaye lissafin ya canza, sai ki duba ɗan allon da ke jikin kujera, domin wasu jiragen suna nuna inda Makka take, ko ki tambayi ma'aikata. Abin da ya gagara bayan kin yi iyakar ƙoƙarinki, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba.

Miƙati ba ya jiran kowa

Abu na biyu da gudun jirgi ke iya ƙwace miki shi ne harami. Miƙatai guda biyar ne da aka iyakance wa masu shiga Makka da niyyar Hajji ko Umara: Zul Hulaifa ta mutanen Madina, Juhufa ta masu zuwa daga wajen Sham da Masar, Yalamlam ta masu zuwa daga wajen Yaman, Ƙarnul Manazil ta mutanen Najadu, da Zatu Irƙin ta mutanen Iraƙi. Wanda bai bi ta kansu ba sai ya ɗaura harami idan ya zo daidai da ɗaya daga ciki.

Idan Madina za ki fara zuwa, kamar yadda ake yi wa alhazanmu da yawa a shekarun nan, hankalinki kwance. Ba ki da harami a jirgi. Sai ranar da za ku bar Madina za a tsaya da ku a Zul Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, ki yi niyya a natse.

Idan kuwa daga Jidda Makka za ki wuce, sai ki farka. Wadda ta biyo ta Alƙahira za ta zo daidai da Juhufa tun tana sama. Wadda ta biyo ta Addis Ababa za ta zo daidai da Yalamlam. Game da wadda ta miƙo daga yamma ta tsallako Bahar Maliya, malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce tana iya bari sai ta sauka Jidda, kamar yadda malaman da suka faɗa game da masu tasowa daga Sawakin a jirgin ruwa. Wasu da yawa sun ce a'a, Jidda ba miƙati ba ce ga wanda ya zo daga nesa, kuma matuƙi kan karkata kudu ko arewa kafin ya sauka. Wadda ta wuce miƙati ba harami, ko dai ta koma can kafin ta yi niyya, ko kuma yanka ya hau kanta. Kuɗin dabba a can ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙididdigaggen guzuri.

Ni abin da nake ba ɗalibaina shawara shi ne su fita daga saɓani. Yi wankanki tun a gida ko a sansani. Mu mata Allah Ya sauƙaƙa mana, ba mu da wani farin ƙyalle na musamman, tufafinki na sutura su ne haraminki, sai dai ba niƙabi ba safar hannu. Abin da ya rage niyya ce da Talbiya. Jirage da yawa sukan yi sanarwa idan an kusa miƙati, amma sau da yawa da Larabci ne ko Turanci, kuma mai barci ba ta ji. Jirgin da ke cin kilomita 14 a minti ɗaya ba zai tsaya ki gama hamma ba. Don haka idan ya rage kamar awa ɗaya zuwa minti 45 a sauka, yi niyyarki ki fara Talbiya. Wadda ta riga miƙati da kaɗan don tsoron kada ya wuce ta, haraminta ya ƙullu. Wadda ta makara ita ce ke da aiki.

Kuma don Allah a gaya wa 'yan mata da amare: jinin al'ada ba ya hana ɗaura harami. Asma'u bint Umais ta haihu a Zul Hulaifa a Hajjin ban kwana, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce ta da ta yi wanka ta ɗaura haraminta. Mata da yawa kunya kan sa su yi shiru su wuce miƙati, suna zaton sai sun yi tsarki. Ɗawafi ne kaɗai zai jira tsarki, niyya ba ta jira.

Mai tafiya da azumi

Masu zuwa Umarar watan Ramadan, ku ma awa biyun nan ta shafe ku. A tafiya yininki zai ragu da kusan awa biyu, a dawowa kuma ya ƙaru da kusan awa biyu, domin kin juya kina bin rana a baya. Kada ki sha ruwa don agogo ya nuna an sha a Jidda ko a Kano. Muddin kina ganin rana ta taga, ba ta faɗi a wurinki ba, ko da garin da ke ƙarƙashinku ya yi kiran Magariba, saboda wanda ke sama ya fi na ƙasa daɗewa yana ganinta. In kin ji wahala, Alƙur'ani ya ba matafiyi damar ajiye azumi ya rama daga baya. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon suga, kada a yi jarumtar da ba a nema ba.

Jikinki da na yaranki

Awa huɗu a zaune wuri ɗaya ba wasa ba ne ga jini. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana kusan ninkawa biyu ga wanda ya yi tafiyar awa huɗu ko fiye a zaune. Abin ba ya samun mutane da yawa, amma ya fi kusa da mai ciki, da mai jego, da mai ƙiba, da mai shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, da wadda aka yi wa aiki kwanan nan. Ki riƙa motsa ƙafafunki kina juya idon sawu, ki tashi ki ɗan taka idan hanya ta samu. Idan bayan kin sauka kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya, nemi likita nan take, kada ki ce gajiyar hanya ce.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu. Na san dabararmu ta ƙin shan ruwa don kada alwala ta karye ko don kunyar zuwa banɗaki. Wannan dabara ce mai cutarwa. Sha ruwa kaɗan kaɗan, alwala ana sake ta.

Mai ciki ta fara ganin likita kafin a sayi tikiti. Kamfanonin jirage da yawa suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗaukar wadda ta wuce mako na 36. Hukumomin alhazai kuma suna yi wa maniyyata gwajin ciki, kada ki ɓoye, don lafiyarki ake yi. Mai goyo ta ba jariri nono lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiyar tana hana kunnensa toshewa da ciwo. Maganin hawan jini ko na suga ya zauna a jakar hannunki, ba a babbar jakar da za a kai ƙarƙashin jirgi ba, kuma ki tambayi likitanki yadda za ki gyara lokacin shansa da sabon agogo.

Su ma na gida a bar musu lissafi. Idan an ce za ku sauka ƙarfe 6 da rabi, a gida ƙarfe 4 da rabi ne, kuma za a ɗauki awanni kafin ki sami layin waya. Gaya wa maigida da yara tun da wuri, don kada hankalinsu ya tashi in sun ji shiru.

Abin da muka yi da dattijuwar ajinmu

Bayan an tashi daga aji na ce mata, "Inna, gobe ki zo mini da tikitin." Ta kawo shi a naɗe cikin leda. Muka zauna muka duba, ashe ta Addis Ababa za a bi da ita, kuma Makka za ta fara wucewa. Na ɗauki takarda na rubuta mata da ajami, tunda shi ta fi iya karantawa: lokacin tashi, sallar da za ta yi kafin ta hau, wadda za ta same ta a wurin jira, lokacin da za ta tura agogonta gaba, da lokacin da za ta yi niyyar Umara a jirgi na biyu. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Malama, ashe da na je na yi wa 'ya'yana asarar kuɗin rago." Na ce, "Inna, ragon mai sauƙi ne a kan salla."

Ke ma 'yar uwa, in Allah Ya kira ki, ko Ya kira mahaifiyarki ko uwar mijinki, kada hidimar ɗinki da sayen jaka da sallamar dangi ta cinye ranakun duka. Ware rabin awa ki zauna da tikitin nan da alƙalami, tare da malamar Islamiyyarku ko wani mai sani. Ki san nisan, ki san awannin, ki san sallolin da za su same ki a hanya.

Allah Ya kai mu ɗakinSa da rai da lafiya, Ya karɓi ibadar waɗanda suka je, Ya jiƙan kakanninmu da suka kwanta a kan wannan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.